Tsohuwar Baturiyar Da Ta Riƙa Bi Na A Intanet

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da buɗe shagon irin shuka da maganin feshi a Funtuwa ba, wata tsohuwar Baturiya ta sa ni a gaba. Duk inda na leƙa a intanet sai in tarar da ita tana murmushi. Ban san ta ba, ba ta san ni ba, amma sai da ta sa na rufe shago a tsakiyar shuka, lokacin da mai sana'a irin tawa ko abinci a tsaye yake ci. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Ni ɗan fari ne. Waɗanda suka tashi a irin gidajenmu sun gane abin da nake nufi, 'yan zamani kuma ku matso in yi muku bayani. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallon fuskata, ba ta zaman hira da ni. In na je gaishe ta, daga bakin ƙofa nake durƙusawa in jero gaisuwa, ita kuma ta kau da kai ta ci gaba da tsintar wakenta, can sai ta ce "lafiya lau" ƙasa-ƙasa. Wata rana ma ko wannan ba na samu. In tana da saƙo, ƙanwata take gaya wa ko da ina zaune a wurin: "Ki ce wa mutumin Funtuwa rufin ɗakin baya yana yoyo." Sunana ke nan a bakinta, mutumin Funtuwa.

Kada kuma ku ɗauka ba ta yi boko ba. Malamar firamare ce har ta yi ritaya, Turancinta ya fi nawa tsabta nesa ba kusa ba. Da ta ajiye aiki sai ta buɗe ajin matan aure a tsakar gidanmu, can ƙauyenmu da ke bayan Malumfashi, tana koya musu karatu da rubutu bayan la'asar. Boko dai ya shige ta sosai, amma bai taɓa mata kunyar ɗan fari ba ko ƙanƙani.

Azumin wannan shekarar sai na ce bari in yi abin kirki. Ina da wata 'yar kwamfutar hannu, wadda ake ce wa tabulet, da nake duba labarai da ita a shago. Na zuba mata data na ba ƙanwata, wadda ke aure a Malumfashi, na ce ta kai wa Inna ta riƙa sauraren tafsiri. Bayan Sallah sai ga ƙanwata ta dawo min da ita a naɗe cikin ɗankwali.

"Inna ta ce a maido maka kayanka, Yaya. Wai lasifikar ta mutu, ba ta da ƙara."

Bayan ta tafi na kunna don in ji irin mutuwar da ta yi. Jama'a, sautin da ya fito sai da wani dattijo da ke zaɓen irin masara ya zabura ya saki leda. An ƙure ƙarar har ƙarshe. Na rage, na ba shi haƙuri, na ce a raina tsofaffi da na'ura sai Allah. Ban ƙara tunanin abin ba.

Washegari na buɗe shafin da nake duba hasashen ruwan sama, domin a irin wannan lokaci duk wanda ya shigo shago sai ya tambaye ni ko ruwa zai ɗore, kamar ni nake riƙe da makullinsa. A gefen shafin sai ga hoton wata tsohuwar Baturiya, gashi fari fat, haƙora a jere tas, ta ɗan karkata kai, ga wani ɗan abu kamar ƙwayar wake a maƙale bayan kunnenta. Na wuce. Na buɗe jarida, ga ta a saman labari. Na je duba sakamakon ƙwallo, ga ta a ƙasa, wannan karon har da mijinta da jikoki suna dariya. Da farko na ɗauka abin sauraren waƙa take talla, har na ce ka ji tsohuwar banza. Sai da na natsu na karanta na gane na'ura ce ta ƙara ji, ta mutanen da kunnensu ya yi nauyi.

Da na nuna wa matata, dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Allah mai iko! Abin da na yi shekara da shekaru ina faɗa, yau har Turawa sun gano. Malam, ba ka ji. A saya maka guda biyu."

Ni kuwa abin ya riga ya tsaya min a rai. Ina da wannan halin tun ina yaro, in abu ya ɗaure min kai ba na iya barin sa, rediyon gidanmu ma sai da na taɓa kwance shi don in ga mutanen da ke ciki. Sai na fara gwaje-gwaje. Na jera wayata da tabulet ɗin a kan buhun iri, na buɗe shafi ɗaya a lokaci ɗaya. A wayata tallan takalmi da na banki, a tabulet Baturiya. Na kashe na kunna, tana nan. Na liƙe idon kyamara da salatif, tana nan tana murmushinta. Sai na ce to wataƙila sauraren mutane abin yake yi, ya ji matata tana cewa ba na ji. Don in tabbatar, na kawo bakina kusa da shi na riƙa cewa "taki, taki, taki", in ga ko tallan taki zai fito. Ina cikin haka wani mai saye ya yi sallama. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce, "Alhaji, ko in je in dawo?"

A ranar na ɗauki tabulet na nufi wajen wani abokina. Tun firamare muke tare, yanzu yana koyar da kwamfuta a nan cikin gari. Na zayyana masa komai har da zancen taki. Sai da ya gama dariyarsa ya share hawaye sannan ya karɓa.

"Mutumina, ba aljani ba ne, kuma ba saurarenka aka yi ba. Kukis ne."

Ya ce duk shafin da ka shiga yana iya ajiye wata 'yar alama a cikin burauzarka, wato manhajar da kake shiga intanet da ita, don in ka dawo ya gane ka. Wannan ba wani abu ba ne, kamar yadda nake tuna irin masarar da kowane manomi ya fi so in ya dawo shagona. Inda gizo yake saƙar shi ne akwai wasu kukis ɗin da ba na mai shafin ba ne, na kamfanonin talla ne da suka kama gurbi a dubban shafuka.

"Ka ɗauka dillali ɗaya ne yake da kujera a kasuwar Dandume, da ta Funtuwa, da ta Malumfashi," in ji shi. "Ka tsaya kana taya akuya a Dandume, sai ya goga maka alli a bayan riga ba ka sani ba. Gobe ka shiga Malumfashi sayen gishiri, ya hango allinsa, sai ya jawo akuya ya tare ka."

"To ni yaushe na taya kunne?"

"Ba lallai kai ba ne. Alamar a jikin tabulet take, ba a goshinka ba. Wani ya shiga shafin masu sayar da na'urar nan da ita."

Ya buɗe inda burauza ke ajiye tarihin shafukan da aka shiga. Wayam. Duk na watan azumi babu ko ɗaya, an share tas. Ya gyaɗa kai ya ce mai sharar ya yi ƙoƙari, amma tarihi kawai ya goge, bai taɓa kukis ba, su wurin dangwalawarsu daban ne kuma yawancin mutane ba su san da shi ba. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya riƙe ta da azumi?"

Ƙarar nan da aka ƙure ta dawo min, da zancen lasifikar da ta mutu. Sai kuma na tuna ranar Sallah, ina durƙushe a bakin ƙofa na gaya mata babban ɗana ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya karye a hannu, shi ya sa bai zo ba. Yaron nan kuwa mutuminta ne, mijinta take ce masa. Amma abin da ta ce shi ne, "Madalla." A lokacin na yi mamaki, sai na ce wataƙila ni ne ban ji daidai ba.

Abokina ya ce in ina so zai iya tono min sunayen shafukan daga cikin kukis ɗin. Na ce ya bari. Wadda ta bi ta share sawunta da hannunta ba ta so a gani ne, abin da na riga na gani ma ya ishe ni.

Da safe na ja ƙofar shago na hau babur sai Malumfashi. Na samu ƙanwata tana wanki. Ko zama ban yi ba na ce, "Tun yaushe Inna ba ta ji?"

Sabulun ya suɓuce mata cikin bokiti.

"Innalillahi. Yaya, wa ya gaya maka?"

"Wata Baturiya."

Ta ɗauka wasa nake yi, sai da na nuna mata. Daga nan ta zauna a kan turmi ta fara ba ni labari tana share ido da gefen zani. Ta ce abin ya yi shekaru, a hankali ya riƙa zuwa. Inna ta koyi karanta bakin mutane. Kullum takan zauna inda haske zai faɗo a fuskar mai magana, a ajinta kuma ta daina sa mata karatu daga inda suke zaune, sai dai kowace ta matso gabanta ita kaɗai, su kuma suka ɗauka sabon salon koyarwa ne. Ta ɗaure ƙanwata da alkawarin ba za ta gaya wa kowa ba. Tsoronta kada a fara ce mata kurma, a riƙa yi mata ihu a kunne, matan ajin su watse, a daina kawo mata shawara. Ta ga yadda aka yi wa wata tsohuwa a unguwarmu, wadda yara suka mayar abin wasa, manya kuma suka riƙa zancenta a gabanta kamar ba ta wurin.

"To ni fa? Ni ma sai a ɓoye min?"

"Kai ne ma na farko da ta ce kada ka sani. Ta yaya za ta kawo maka zancen jikinta?" Ta gyara zama a kan turmin. "Kuma Yaya, ka san ba ta kallon fuskarka. Kowa tana karanta bakinsa, ban da kai. Duk gaisuwar da kake yi ba ta jin ko kalma ɗaya. Inuwarka take kallo a ƙasa, in ta ga ta daina motsi sai ta amsa."

Wallahi wannan maganar ta dake ni. Na tuna duk labaran da na riƙa kwashewa ina kai mata, na shago, na yara, na gonar da na saya a hanyar Maska, ina jin daɗi wai ko ba ta tanka ba ai tana ji. Ashe ni kaɗai nake ta zuba.

Matsalar da ke gabanmu ita ce, in na nuna na sani, ƙanwata za ta ɗora wa laifi, kuma Inna in ta yi fushi da mutum ba hayaniya take yi ba, ɗauke masa wuta take yi, ya yi wata da watanni yana neman fuska. In kuma na yi shiru, haka za ta ci gaba da zama, kunnen yana ƙara tafiya. Muka juya zancen muka juya, daga ƙarshe na ce babu wata dabara sai mu kai mata mai laifin ta gan ta da idonta.

Na goya ƙanwata muka kama hanyar ƙauye. An yi ruwa da asuba, hanya duk taɓo, ko'ina ka duba mutane sun duƙa suna shuka. Muka isa da hantsi. A gidanmu wuri ɗaya ne sabis yake kamawa sosai, gindin rumbu, nan muka shimfiɗa tabarma. Inna ta fito, ta dubi fuskar ƙanwata sau ɗaya tak.

"Kin faɗa."

"Wallahi Inna ban faɗa ba. Na rantse da Allah ban faɗa ba."

Na buɗe shafin hasashen ruwa, ina addu'a a zuci kada matar nan ta ba ni kunya yau da nake nemanta. Ai kuwa sai ga ta. Na tura tabulet ɗin kan tabarma na ja da baya. Inna ta sa tabarau ta sunkuya ta daɗe tana kallo.

"Wannan ai na san ta," in ji ta. "Me ya kawo ta nan? Na fita daga wurinsu, kuma na share."

To a nan aka yi zaman da har yau in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko me. Ni na juya ina fuskantar rumbu ina bayanin kukis, ƙanwata ta zauna dab da Inna tana maimaitawa a hankali don ta ga bakinta, Inna kuma tana jefo tambaya ga ƙanwata, ƙanwata ta miƙo min. Zancen dillali ya yi tsawo, sai na ce a gaya mata kamar ƙarangiya ce: ka ratsa gona ka fito, ka karkaɗe ƙafa, amma tana maƙale a gefen zani, duk wanda ya gani ya san inda ka bi.

"Ki tambaye shi, sun san sunana?"

Na ce a'a, lamba kawai suka ba tabulet ɗin, ita suke bi.

"Ba su san sunana ba, amma sun san kunnena."

Na ce kusan haka ne.

"Su nawa ne?"

Na ce ni ma ban sani ba, abokina ya ce suna da yawa, kuma wani yakan miƙa wa wani.

"Wa ya ba su izini?"

Na ce wani lokaci akwai ɗan akwatin rubutu da ke fitowa in an shiga shafi, ana dangwala inda aka ce an yarda.

"Na dangwala," ta ce. "Ya tare min abin da nake karantawa ne, na dangwala don ya kauce. Wannan shi ne izini?"

Ta cire tabarau ta ninke.

"Marasa kunya. Na shiga na yi tambayata ni kaɗai, ban yi wa kowa sallama ba. Abin da na ɓoye wa na cikin gida, su suna yawo da shi kasuwa-kasuwa. Ba su da iyaye ne?"

Ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Ƙanwata ta bi ta, ba ta jima ba ta fito ta ce Inna ta ce mu kama hanya kafin hadari ya haɗo. Ko ruwa ba mu sha ba. A hanya ni dai ina ta cewa a raina na ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba, na tona mata asiri a banza, ga shi ta rufe ƙofa.

Aka gama shuka, aka shiga noman farko, shiru. Na je gaisuwa, ko fitowa daga ɗaki ba ta yi ba. Ƙanwata ta ce ko ajin mata ta ɗaga, ta ce musu ba ta jin daɗi. Wannan ya fi komai tayar min da hankali, don ajin nan shi ne rayuwarta. Matata da ta fara abin da tsokana ita ce ta koma ba ni baki. Baturiya kuwa tana nan kullum a shago tana min murmushi, ni kuma ina harararta.

Ran nan ina auna wa wani maganin ciyawa sai ga kiran ƙanwata, tana ta murna.

"Yaya, ga saƙo. Ta ce a ce wa mutumin Funtuwa, tunda wanda ake ɓoye wa ya riga ya sani, ɓuyan ya ƙare. Amma ba ta son na mutanen nan, tunda ba su iya riƙe bakinsu ba. In akwai likitan da zai duba mutum ya yi shiru, to. Kuma ta ce kafin komai a kori matar nan daga cikin allon."

A ranar na koma wajen abokina. Ya goge kukis ɗin gaba ɗaya, ya shiga saitin burauza ya toshe na kamfanonin waje, ya nuna min yadda ake yi saboda gaba. Muka buɗe shafin hasashen ruwa, sai tallan wata makaranta. Na duba jarida, na duba ƙwallo, babu ita. Kun san wani abu? Sai da na ɗan ji kewarta.

Muka kai Inna wani asibiti a Zariya, aka yi gwaji, aka ce kunnen bai tafi duka ba, na'ura za ta taimaka. Muka sake komawa ranar da aka sa mana, aka maƙala mata. 'Yar mitsitsiya ce, in ta sa hijabi babu mai cewa akwai wani abu. Ni dai a waje na jira, don ba zan shiga inda ake taɓa kunnenta ba.

A motar abokina da na ara muka dawo, ni a gaba, su biyu a baya. Tun daga asibiti ba ta ce komai ba, sai dai na lura a madubi tana ɗan zabura in babbar mota ta wuce. Da muka wuce Giwa shirun ya dame ni, sai na fara yi wa ƙanwata surutun gonakin bakin hanya, wannan ya makara da taki, wancan irinsa ba mai kyau ba ne, dubi yadda waccan masarar ta yi kore shar. Ina cikin zuba sai na ji muryar Inna.

"Ke. Ki tambayi direban nan, yaushe muryarsa ta koma ta mahaifinku?"

Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, tun ƙanwata tana goye. Na gangara gefen titi na tsaya, na ce bari in duba taya. Na zagaya bayan mota na daɗe a tsugunne gaban tayar da babu abin da ya same ta.

Da na dawo na tayar da mota, na ji ƙanwata tana tambayarta ko surutun ya dame ta, a ce min in yi shiru.

"A'a," in ji Inna. "Ki ce ya ci gaba."

Haka na yi ta zancen masara da dawa da waken suya har ƙofar gida. Da na ƙare gonakin hanya na koma kan na mutanen da ban ma sani ba. Muryata sai da ta dushe.

In na ba da labarin nan, mutane sukan ce to ai kukis sun yi maka rana, ka gode musu. Na daɗe ina juya wannan maganar, kuma har yau ban yarda da ita ba. Sa'a ce kawai ta sa tabulet ɗin ta dawo hannuna. Da a hannun wata daga matan ajinta ta faɗa, ko wani yaron maƙwabta ya ara ya kalli ƙwallo, da abin da take gudu shi ne zai same ta, kuma masu tallan ko a jikinsu. Su ba taimakonta suka yi niyya ba, ciniki suke nema. Mace ta shiga ta yi tambaya a kan jikinta, ta bi ta share don ta san darajar sirrinta, amma aka liƙa mata alama ba tare da ta fahimci abin da ta yarda da shi ba. Cewa abin ya zo mana da alheri bai sa ya zama daidai ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki har yanzu shi ne yadda wasu mutane a wata uwa duniya, da ba su san ana yin Malumfashi ba, suka riga ni sanin abin da ke damun mahaifiyata, ni da nake durƙusawa a ƙofarta. Tun daga lokacin nake kallon kowane talla da tambaya: me na taɓa, ko wa ya taɓa wayata, da har wannan ya biyo ni? Na toshe kukis ɗin waje a duk na'urar da ke gidana, ina gogewa lokaci-lokaci, kuma akwatin nan na "na yarda" na daina dangwala shi da ka. Abokina ya ce wannan ba ya rufe kowace kafa, suna da wasu hanyoyin, amma dai ya rage.

Inna ta koma ajinta, har yau babu wadda ta sani a cikinsu sai wadda ita ta ga dama ta gaya wa. Ni ma sai da na aika aka tambaye ta kafin in rubuta wannan, ta ce in rubuta, amma ban da suna. Daga baya na saya mata waya tata ta kanta, na kai wa abokina ya toshe duk abin da zai iya toshewa kafin a kai mata. Yana cikin yi ya dube ni ya ce, "Ka san fa yanzu in tana ɓoye wani abu, babu mai gaya maka."

Na ce na sani. Haƙƙinta ne. In ina son sanin halin da take ciki, sai in tashi in je.

Shi ya sa duk Juma'a bayan an sauko nake hawa babur in tafi, in zauna in yi ta ba ta labari, ina lura da abin da ido zai iya gani. Kwanakin baya ina tsakiyar magana tari ya sarƙe ni, ɗan kaɗan ne, ni kaina ban ɗauke shi komai ba. Washegari ina buɗe shago sai ga ɗan acaɓa daga ƙauye da kwalbar zuma da ƙullin citta. Na ce inji wa? Ya ce shi dai an ce ya kawo, kuma a gaya min in daina shan ruwan sanyi.